Kujerar Soja da Kujerar Alhaji

Ran 9 ga watan Yuni na shekara ta 2014 wani jirgin yaƙi na Faransa, samfurin Mirage 2000D, ya faɗi cikin dajin da ke tsakanin Gawo da Yamai, yamma da ƙasar Kurfai, yana dawowa daga aiki a Mali. Mutum biyu ne a cikinsa, matuƙi da abokin aikinsa mai kula da hanya da makamai. Da suka tabbata jirgin ya samu lahanin da ba ya gyaruwa a sama, sai suka ja madaukin kujerunsu, kujerun suka cilla su waje, laima ta buɗe, aka zo aka ɗauke su da ransu. Kwana 45 bayan haka, ran 24 ga watan Yuli, jirgin fasinja na Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu za shi birnin Alje ya faɗi kusa da Gosi, cikin Mali. Mutum 116 ne a ciki, ba wanda ya fita.

Duk wanda ya jera labaran nan biyu, tambaya guda ce ke zo masa: in har akwai dabarar da ke fidda mutum daga jirgin da ke faɗuwa, don me aka ba soja aka hana fasinja? Tambaya ce da ta shafi Filinge, ko da yake ba jirgin fasinja da ke sauka can. Kowace shekara maniyyata suna barin Filinge da Bonkuku da Abala su nufi Yamai don su hau jirgin Jidda. Ƴan kasuwa suna zuwa Dubai da Sin sarin kaya, ma'aikatan gwamnati kuma ana aikensu taro Agadas ko Damagaram ko ƙasashen waje. A cikinsu akwai mai ganin rowa ce ta kamfanonin jirgi, akwai mai ganin an fi daraja ran soja. Amsar gaskiya ta fi haka ban mamaki, kuma tana ɗora wa ɗan kasuwa da ma'aikacin biro wani nauyi da ba kasafai suke tunawa da shi ba.

Yadda kujerar take aiki

A zamanin jirage masu farfela, in jirgi ya kama wuta matuƙi kan buɗe murfi ya yi tsalle da laimarsa. Da jirage suka ƙara gudu lokacin yaƙin duniya na biyu, sai iska ta fi ƙarfin mutum: ko ta danne shi bisa kujera, ko ta maka shi da wutsiyar jirgin. Jamusawa ne suka fara gwada kujerar da iska mai matsi ke turawa, kuma matuƙinsu Helmut Schenk shi ne na farko da ya tsira da ita, a watan Janairu na 1942. A Ingila, wani injiniya mai suna James Martin ya rasa abokin kasuwancinsa Valentine Baker cikin haɗarin gwajin jirgi a shekarar nan ta 1942, sai ya maida hankalinsa ga ceton matuƙa. An gwada kujerarsa da mutum a sama a watan Yuli na 1946, ta ceci matuƙi na farko cikin haɗari na gaske a watan Mayu na 1949. Kamfanin Martin-Baker ya ƙidaya fiye da mutum 7,000 da kujerunsa suka ceta tun daga lokacin. Irin kujerarsa ce ke cikin Mirage 2000, ana ƙera ta a Faransa bisa izinin kamfanin.

Madaukin yana tsakanin ƙafafun matuƙi, da ratsin baƙi da ruwan ɗorawa don a gan shi ko cikin ruɗu. Da an ja shi, ɗamaru su matse kafaɗu, igiyoyi su janyo ƙafafu baya, murfin gilashi ya fashe ko ya tashi, albarushi ya harba kujerar sama bisa wasu dogayen ƙarafa, sa'an nan roka da ke ƙarƙashinta ta kama, ta ƙara nisanta mutumin da jirgin. Ƙaramar laima ta daidaita shi, kujerar ta sake shi, babbar laima ta buɗe. In jirgin yana ƙasa ƙasa, duk wannan sakan biyu ne zuwa uku. Kujerun zamani suna iya ceton mutum ko da jirgin yana tsaye bisa titi bai tashi ba.

To amma jiki ne ke biya. Lokacin harbin, ƙarfin da ke danne matuƙi ya kan ninka nauyin jikinsa sau 12 ko fiye. Mutum mai kilo 75 zai ji kamar an aza masa buhun gero tara lokaci guda. Shi ya sa da yawa cikin waɗanda suka tsira suke fita da tsagewar ƙashin baya ko ciwon wuya, wasu kuma ba su sake tuƙin jirgin yaƙi ba. Ita kujerar ma ba kowane jiki take karɓa ba. A shekara ta 2015 sojan sama na Amurka sun dakatar da matuƙan da ba su kai kilo 62 ba daga tuƙin jirgin F-35, don gudun karyewar wuya, sai da aka yi wa kujerar gyara.

Kuma ba kullum take ceto ba. Ran 6 ga watan Mayu na 2013 wani Alpha Jet na sojan saman Najeriya, cikin jiragen da aka girke a Yamai don aikin Mali, ya faɗi kusa da Dargol, nan cikin jihar Tilaberi, matuƙansa biyu suka rasu. Ran 28 ga watan Satumba na 2018 jirage biyu samfurin F-7 suka yi karo a saman Abuja suna shirin bukin ranar ƴanci. Matuƙa uku suka cilla kansu waje, ɗaya ya rasu saboda raunukan da ya samu.

Wanda ya sauka da ransa ma da sauran aiki gabansa. Ran 18 ga watan Yuli na 2021 ƴan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a jihar Zamfara. Matuƙinsa Abayomi Dairo ya cilla kansa waje, ya sauka cikin dajin da maharan ke riƙe da shi, ya ɓuya har rana ta faɗi, sa'an nan ya bi dare da ƙafa, wayarsa na nuna masa hanya, har ya isa wani sansanin soja. Kwana biyu bayan haka, ran 20 ga wata, wani Mirage 2000D ya faɗi wajen Hombori cikin Mali, sai da aka aika jirage masu saukar ungulu suka ɗauko mutum biyun da ke cikinsa.

Abin da ake mantawa shi ne jirgin da aka bari. Kujerar tana ceton mutum ne ta sallama jirgi, shi kuwa jirgin sai ya sauka inda ya ga dama, da mansa da harsasansa. A 2014 da 2021 an yi sa'a dajin ba kowa. Ƙasar Kurfai kuwa gonaki ne jere cikin Dallol Boso, ga rugage, ga garkunan shanun azawak na Tukunus. Sojan Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a watan Disamba na 2023, amma jiragen yaƙi ba su bar sararin Sahel ba. Ita kanta Nijar ta sayi Sukhoi Su-25 guda biyu a 2013, su ma da irin wannan kujera, ƙirar Rasha. Saboda haka ya kamata maigari da makiyayi da masu neman tsohon ƙarfe su sani: ba a kusantar tarkacen jirgin yaƙi, ba a ɗaukar komai daga cikinsa, ko da kujerar ce, don tana iya kasancewa da sauran albarushi. A nisanta yara da dabbobi, a sanar da jandarma.

Don me aka hana fasinja

An ba soja kujerar nan ne saboda irin aikin da ake aikensa. Ana tura shi inda ake harbi, yana gudu ƙasa ƙasa, yana ɗauke da bam, kuma jirgi irin Mirage 2000 inji guda gare shi: in ya mutu ba na biyu. Tun ranar da aka zana jirgin an san wata rana za a iya rasa shi, sai aka nemi hanyar da ba za a rasa matuƙin da aka yi shekaru ana horarwa ba. Matuƙin kuma saurayi ne ko magidanci mai cikakkar lafiya, likita na auna shi a kai a kai, yana sanye da hular kwano da bututun iskar shaƙa, a ɗaure tamau tun kafin a tada inji, kuma an koya masa yadda ake zama kafin harbi da yadda ake dira ƙasa.

Sai a dubi jirgin maniyyata. Akwai tsoho mai shekara 75, akwai hajiya mai hawan jini, akwai wanda ya tashi za shi makewayi. Ƙarfin da ke tsaga bayan soja, tsohon nan yana iya kashe shi. A sama kuma jirgin fasinja yana tafiya tsakanin mita 10,000 da 12,000, yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. Sanyin waje ya kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, iskar kuma ta yi ƙaranci har mutum ba ya cika minti guda cikin hayyacinsa in ba bututu. Wanda aka cilla cikin wannan da babbar riga ko da harami, kafin laima ta yi masa amfani ya riga ya suma. In ma ya sauka da rai, tsakanin Yamai da Jidda hamada ce da Bahar Maliya, mutum 250 kuma za su warwatsu bisa nisan kilomita masu yawa, ba ruwa ba inuwa.

Ga kuma nauyi. Kujera guda ta kusa buhun gero. Kujera 250 sun tasam ma tan 25, ban da rufin da sai an yi masa ƙofa bisa kan kowane fasinja, alhali ƙarfin jirgi yana ga rufin nan da ke riƙe iskar da ake shaƙa a ciki. A jirgin yaƙi mai mutum biyu ma ba a harba kujerun lokaci guda, sai ɗaya ta riga ɗaya da ƙiftawar ido, don kada wutar rokar wannan ta ƙone wancan. Ina ga ɗaruruwan roka cikin ɗaki guda? Laima kawai ba tare da roka ba ita ma ba ta fidda kowa: ƙofar jirgi ba ta buɗuwa a sama saboda matsin iska, kuma mafi yawan haɗurra suna faruwa ne lokacin tashi ko sauka, sa'ad da ƙasa ta yi kusa, lokaci ya ƙure.

Jirgin da ba a gudu a bar shi

Tun da ba hanyar fidda fasinja a sama, sai masu ƙera jirgin fasinja suka bi wata hanya dabam: a gina shi yadda zai dawo ƙasa da kowa. Inji biyu gare shi ko fiye, kuma doka ta ce sai ya iya ci gaba da tashi da sauka in ɗaya ya mutu. Hanyoyin man da ke motsa fukafukai biyu ne ko fiye, kowace da nata bututu. Matuƙa biyu ne, kowane na duba aikin ɗan'uwansa, kuma a kai a kai ana shigar da su na'urar da ke kwaikwayon jirgi a jarraba su da gobara da mutuwar inji da guguwa. Ko injuna duka sun mutu, jirgi ba ya faɗowa kamar dutse, yana iya shawagi ya yi nisa. Ran 15 ga watan Janairu na 2009 tsuntsaye suka kashe injuna biyu na wani Airbus da ya tashi daga New York, matuƙin ya sauke shi bisa kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duka suka tsira.

Akwai kuma abin da ba injiniya ne ya ƙera shi ba. Matuƙin jirgin fasinja ba ya da madauki tsakanin ƙafafunsa. Abin da zai samu alhajin da ke kujerar ƙarshe shi zai same shi. Mutumin da ya san haka ba ya bukatar a roƙe shi ya duba taya ko ya kauce wa hadari.

Lissafi ya nuna hanyar nan ta yi amfani. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙidaya tashin jirgi miliyan 40 da dubu 600 a shekara ta 2024. Bakwai ne a ciki suka ƙare da asarar rai, mutum 244 da ke cikin jiragen suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta duba haɗurran jiragen fasinja na ƙasarta daga 1983 zuwa 2000, ta tarar fiye da kashi 95 cikin 100 na mutanen da ke ciki sun rayu. Ke nan haɗarin jirgi ba kullum ne mutuwar kowa ba, kuma abin da fasinja ya yi cikin mintin farko yana da tasiri. Ba a ba sabon jirgi takardar izini sai an nuna ana iya fidda kowa cikin sakan 90, rabin ƙofofi a rufe. Ran 2 ga watan Janairu na 2024 wani Airbus na Japan Airlines ya yi karo da ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo ya kama wuta. Mutum 379 suka fita duka, don sun bi umarnin ma'aikatan jirgin, sun bar jakunkunansu. A Riyad kuwa, ran 19 ga watan Agusta na 1980, wani jirgin Saudia da wuta ta kama a ɗakin kayansa ya sauka lafiya, amma ba a tsaida shi an buɗe ƙofofi da hanzari ba, hayaƙi ya kashe mutum 301.

Inda aka yi sake

Sai dai rahoton nan na IATA ya nuna Afirka ce ta fi kowane yanki yawan haɗurra in an auna da yawan tashin jirage. In aka bi manyan haɗurran da suka taɓa mutanen wannan yanki ɗaya bayan ɗaya, za a ga kusan kowane a ƙasa ya faro, a hannun mutane, tun jirgin bai tashi ba.

Ran 11 ga watan Yuli na 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda da alhazai za shi Sakkwato. Bincike ya gano an san wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an nemi a ƙara, aka ƙi jira don kada a makara. Tayoyi biyu suka fashe bisa titi suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin, wutar ta ci ƙasan ɗakin fasinja. Ya juyo zai sauka bai kai ba. Mutum 261 suka rasu saboda iskar taya.

Ran 25 ga watan Disamba na 2003 wani Boeing 727 ya kasa tashi daga Kwatano saboda an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ba wanda ya san ainihin nauyin kayan da aka zuba masa. Ya bugi gini a ƙarshen titi ya faɗa bakin teku, kimanin mutum 140 suka rasu, da yawansu ƴan kasuwa ne da iyalansu. Ran 19 ga watan Satumba na 1989 DC-10 na kamfanin UTA ya tarwatse a saman Tenere da mutum 170, saboda akwati mai bam da ya wuce bincike a Barazabil. Ran 29 ga watan Oktoba na 2006 jirgin ADC ya tashi daga Abuja cikin mugun yanayi ya faɗi nan take, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Shi kuwa jirgin Gosi na 2014, masu bincike sun gano ƙanƙara ce ta toshe ma'aunin injunansa, ba a kunna abin da ke narkar da ita ba, gudunsa ya yi ta raguwa har fukafukai suka kasa ɗaukarsa. Wannan magana ce ta horo, horo kuwa a ƙasa ake yinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kujerar tsira ta fasinja ita ce makanikin da ya ƙi sa hannu bisa takardar jirgin da bai gamsu da shi ba, da mai awon kaya da ya ƙi karɓar goro, da jami'in hukumar jiragen sama da ya buɗe kundin gyaran jirgin haya ya karanta kafin ya buga hatimi, da mai kula da sararin sama da ke zaune gaban na'urarsa tsakar dare. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, tana da cibiya a Yamai mai kula da sararin da ya wuce iyakokin ƙasar, kuma a Yamai ne makarantarta EAMAC take horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu duba yanayi na ƙasashen Afirka da yawa. Duk ma'aikacin da ke zaune cikin kwamitin da ke zaɓen jirgin maniyyata ya tuna da Jidda ta 1991. Arha ba ta ado: a tambayi shekarun jirgi, da wanda ke gyara shi, da ƙasar da ta ba shi izini, kafin a tambayi ragin kuɗi.

Ɗan kasuwa shi ma yana da nasa rabo. Kilo goma da aka lallaɓa aka wuce da su ba tare da awo ba, in mutum ɗari suka yi haka tan guda ke nan da matuƙi bai sa cikin lissafinsa ba. Baturan waya da na kwamfuta da ake sarowa daga Dubai suna iya kama wuta da kansu in sun lalace ko sun matsu. Irin wutar nan ce ta kada jirgin kaya na UPS kusa da Dubai ran 3 ga watan Satumba na 2010, matuƙansa biyu suka rasu. Shi ya sa ake cewa a bayyana su, batir na ajiya kuma a riƙe shi a jakar hannu inda za a ga hayaƙinsa. Haka nan risho da gas da fetur ba su da wuri cikin kayan alhaji. In kuma aka ce jirgi ya jinkirta saboda gyara ko saboda hadari, kada manya su taru su matsa wa ma'aikata lamba. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Abin da jirgi ya sawwaƙe

Wanda tsoro ya sa yake tunanin barin jirgi ya tuna abin da jirgin ya maye gurbinsa. Kakannin mutanen ƙasar Hausa da ƙafa da jaki da raƙumi suke zuwa Makka, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa noma ko ƙodago don neman guzuri. Tafiyar ta kan ci shekaru, da yawa sun mutu a hanya, da yawa sun zauna Sudan ba su dawo ba, har yau ga zuriyarsu a garin Mai Wurno bakin kogin Nilu. Yau tsakanin Yamai da Jidda, kimanin kilomita 4,000, awa biyar ne zuwa shida. Tsohuwar da ba za ta iya tafiyar kwana guda bisa jaki ba tana sauke farali ta dawo ta tarar da jikokinta. Daga Yamai zuwa Agadas fiye da kilomita 900 ne ta mota, zuwa Difa fiye da 1,300. Abin da mota ke yi a yini da dare jirgi na yinsa cikin awa biyu. Ga majinyacin da ake son kaiwa babban asibiti, ko ɗan kasuwar da jarinsa ke kwance muddin yana hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibin jirgi a ƙasar nan tsada ne da ƙaranci. Tun da Air Afrique, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa ta a 1961, ta rushe a 2002, mafi yawan tafiye-tafiyen waje a hannun kamfanonin wasu ƙasashe suke, kuɗin tikiti kuma ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata in ba gwamnati ce ta biya ba.

Saura abu guda da mutumin Filinge ya fi kowa sani. Kafin ya ga filin jirgi na Diori Hamani sai ya yi kimanin kilomita 180 bisa hanyar Baleyara, sau da yawa cikin motar da aka yi wa lodi har bisa rufi, tayoyinta sun suɗe, direbanta bai yi barci ba, ga dabbobi na ƙetare titi, ga kuma rashin tsaron da ya addabi jihar Tilaberi shekarun nan. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin rahotonta na 2023 hanyoyin mota suna kashe kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. A cikin tafiyar alhaji daga Kurfai zuwa Makka, yankin da ya fi haɗari shi ne wanda ake yi da mota, amma shi ne wanda ba a yi wa addu'a mai tsawo, ba a kuma tambayar komai kafin a shiga.

Saboda haka mai shirin tafiya ya raba tsoronsa daidai. A tasha ya dubi tayoyin motar da zai shiga, ya ƙi tafiyar dare, ya ɗaura ɗamara in akwai. A filin jirgi ya bari a auna kayansa duka, ya faɗi abin da ke ciki. A cikin jirgi ya saurari bayanin ma'aikata ko da ya sha jinsa, ya ƙidaya layukan kujerun da ke tsakaninsa da ƙofa mafi kusa, ya bar ɗamararsa a ɗaure muddin yana zaune, in kuma aka ce a fita ya fita hannu sake, ya taimaki tsohon da ke gefensa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.